Gardamar Fina-finan Kaboyi: Wanne Ya Fi, Kuma da Wane Mudu Ake Awo?

A shekarar 2008 Cibiyar Fina-finai ta Amurka ta fitar da jerin fina-finan kaboyi goma waɗanda ta ce babu kamarsu. The Searchers na 1956 ta sa a gaba, High Noon na biye da shi, sai Shane, sai Unforgiven. Duk wanda ya taso yana kallon kaboyi a wajenmu, in aka karanta masa jerin nan har ƙarshe, tambaya ɗaya zai yi: ina The Good, the Bad and the Ugly? Babu shi. Babu ma fim ɗin daraktansa, Sergio Leone, ko guda. Hujjar cibiyar ita ce fina-finan Amurka kaɗai take aunawa, shi kuwa Leone mutumin Italiya ne, kuma mafi yawan aikinsa a Sifaniya ya ɗauke shi. Amma ka leƙa shafin IMDb, inda masu kallo daga ko'ina suke ba da maki, za ka tarar wannan fim ɗin ya daɗe yana kai-komo a wajejen sahun goma na farko a cikin duk fina-finan duniya, The Searchers kuwa yana can baya nesa.

Wannan tazarar ita ce asalin gardamar. Masu sharhi da daraktoci suna gefe guda, masu sayen tikiti suna gefe guda, kuma kowa yana da gaskiyarsa, domin mudun da suke awo da shi daban-daban ne.

Kafin a shiga awon, ya kamata a san cewa zamanin kaboyi na haƙiƙa gajere ne ƙwarai. Bayan an gama yaƙin basasar Amurka a 1865 aka fara koro garkunan shanu daga Texas zuwa tashoshin jirgin ƙasa na Kansas, kuma harkar ba ta wuce shekara ashirin da 'yan kai ba. Kaboyi makiyayi ne na haya, mai kwana a sirdi, mai shan ƙura, mai ƙaramin albashi. Da yawansu 'yan Meksiko ne, kuma masana tarihi suna ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin huɗu baƙar fata ne, abin da allon silima ya ɓoye tsawon shekaru. Waya mai ƙaya da aka yi wa rajista a 1874 ta zo ta datse burtali, layin dogo ya iso har bakin garke, sana'ar ta mutu. A 1890 hukumar ƙidaya ta ce babu sauran iyakar daji da ta rage a ƙasar, kuma a ƙarshen wannan shekarar ne sojoji suka kashe 'yan asalin ƙasar, 'yan ƙabilar Lakota, fiye da 150 a Wounded Knee, har da mata da yara. Shekara 13 kacal bayan haka aka fitar da The Great Train Robbery, fim na kimanin minti 12 da aka ɗauka a New Jersey, can gabashin ƙasar. Wyatt Earp, shahararren ɗan dokan nan na Tombstone, ya rayu a Los Angeles har 1929 yana ziyartar wuraren ɗaukar fim. Ke nan an fara ƙera tatsuniyar tun shaidun gani da ido suna raye.

Ni a ganina fim ɗin kaboyi labari ne da Amurkawa suka riƙa ba kansu game da yadda ƙasar ta zama tasu. Shi ya sa ko da an canza doki da malafa, abubuwan da ke ƙarƙashi ba sa canzawa: wa ke da fili da ruwa, wa zai kafa doka a inda babu hukuma, kuma yaya za a yi da mutumin da ya iya kisa bayan an gama buƙatarsa.

Su kansu masu sana'ar sun yi wannan gardama, kuma da fim suka yi ta. High Noon na 1952 labarin Will Kane ne, shugaban 'yan dokan wani ƙaramin gari, wanda ranar ɗaurin aurensa ya samu labarin cewa mutumin da ya taɓa turawa kurkuku zai sauka daga jirgin ƙarfe 12 na rana, yaransa uku na jiransa a tasha. Kane ya bi gari gida-gida, har cikin coci, yana neman wanda zai tsaya masa. Kowa ya kawo uzuri. Fim ɗin minti 85 ne, kuma kusan daidai yake tafiya da agogon da ake ta nunawa a bango. Da ƙura ta lafa, sai ya cire tambarin aikinsa ya yar a ƙasa, ya ɗauki amaryarsa suka bar garin. Marubucin labarin, Carl Foreman, ana cikin aikin aka kira shi gaban kwamitin majalisa mai farautar 'yan gurguzu, ya ƙi ba da sunan kowa, aka toshe masa hanyar aiki, ya koma Ingila. Garin da ya watsar da Kane, Hollywood ce da ta watsar da Foreman. Jarumin fina-finan kaboyi John Wayne ya tsani fim ɗin, yana ganin cin mutuncin Amurka ne. Shi da darakta Howard Hawks suka mayar da martani da Rio Bravo a 1959, inda ɗan dokan ba ya roƙon kowa, ko an kawo masa taimako ma sai ya zaɓa, ya tsaya da mashayi ɗaya da gurgun tsoho da wani saurayi mai saurin hannu. Har yau akwai masu sharhin da ke fifita Rio Bravo saboda sakewarsa da daɗin zaman mutanen cikinsa. Ni dai na fi yarda da High Noon, saboda na fi sanin garin da ke cikinsa: ranar daɗi kowa naka ne, ranar wuya ƙofofi a rufe.

Shane na 1953 ya taɓo wani abu da mu ma ba baƙonmu ba ne, wato rikicin manoma da masu shanu. Dokar 1862 ta ba duk wanda ya zauna ya noma fili eka 160, sai manoma suka riƙa kafa shinge a inda garkuna suka saba kiwo da shan ruwa, har abin ya kai ga zubar da jini a Wyoming a 1892. Abin da ya ɗaga darajar fim ɗin a wurina wani zance ne da Ryker, mai shanun da aka nuna a matsayin mugu, ya yi da dare: mu muka riga ku zuwa, mu muka sha wuyar wurin, yanzu kun zo kun katange mana mashaya. Manomin ya amsa masa da cewa ai kafin ku ma akwai waɗansu. Daga nan fim ɗin ya ja bakinsa, bai bi wannan zaren ya kai shi ga masu ƙasar na asali ba. Shi kuwa Shane, baƙon da ya kashe wa manoma maƙiyansu, da rauni a jikinsa ya hau doki ya tafi, yaro na kiransa ya dawo. An ci moriyar ganga an ya da kwaurenta, kuma shi kansa ya san haka za a yi.

Sai Italiyawa suka shigo, kiɗa ya canza. A 1964 Leone ya yi A Fistful of Dollars da kuɗi kaɗan, ya ɗauko Clint Eastwood daga wasan talabijin. Labarin kuwa kwashe shi ya yi daga Yojimbo na Akira Kurosawa ɗan Japan, har kamfanin Toho mai Yojimbo ya kai ƙara aka sasanta da ba su kaso, abin da ya jinkirta fitar fim ɗin a Amurka sai 1967. Ba wannan ne karon farko ba, domin The Magnificent Seven na 1960 ma daga Seven Samurai aka juyo shi, sai dai shi da izini. Jarumin Leone ba ya kare gari ko coci ko makaranta. Gemunsa ba aski, tufafinsa da ƙura, kuma kuɗi yake nema. A The Good, the Bad and the Ugly na 1966 mutum uku ne ke tseren tono zinariya ta dala 200,000 da aka binne a wani kabari, yaƙin basasa na ci a gefensu, kuma wanda aka kira na kirkin bai fi sauran tsarki da yawa ba.

Gwanintar Leone a jira take. Wani darakta zai ba ka harbi goma cikin minti ɗaya, shi kuwa sai ya tsayar da mutum uku a tsakiyar maƙabarta, ya yi ta nuna ido, hannu, bindiga, ido kuma, kiɗan Ennio Morricone na hawa, har sai numfashinka ya tsaya, sannan harsashi ya tashi sau ɗaya. Sojojin Sifaniya ne suka gina masa wannan maƙabarta a kusa da Burgos. A farkon Once Upon a Time in the West na 1968 ya ƙara tsawaita abin: mutum uku na jiran jirgi a tasha, babu kiɗa, sai ƙarar fanka mai tsatsa, ɗigon ruwa a kan malafa, da ƙuda da ya addabi ɗayansu. Wannan jiran jirgin gaisuwa ce ga High Noon. A wannan fim na 1968 ne kuma Leone ya ɗauko Henry Fonda, wanda Amurkawa suka saba gani a matsayin mutumin kirki, ya sa ya harbe ƙaramin yaro a fitowarsa ta farko. Duk rikicin kuwa a kan rijiya ne: wani ya sayi busasshen fili saboda ya san nan kaɗai ke da ruwa a hanyar da layin dogo zai bi, kuma jirgin wancan zamani ba ya tafiya sai da ruwa.

Akwai dalilin da ya sa waɗannan fina-finan suka fi shiga duniya, kuma ba kasafai masu jeri suke kula da shi ba. A wancan zamani Italiyawa sukan ɗauki fim ba tare da sauti ba, 'yan wasa daga ƙasashe daban-daban kowa na magana da harshensa, daga baya a ɗora murya. Wannan ya sa aka rage surutu, aka bar fuska da kiɗa su ba da labari. Mai kallon da ba ya jin Turanci ba ya rasa komai. A Kano, inda aka buɗe silimar Rex tun 1937, daga baya aka samu irin su Eldorado da Plaza da Orion, mutum zai zauna ya bi labarin Django na 1966, mai jan akwatin gawa da babbar bindiga a ciki, daga farko har ƙarshe ba tare da tafinta ba. Ya san jarumi, ya san bos, ya san za a haɗu. Fim ɗin John Ford, daraktan The Searchers, kuwa yana so ka san wane ne ya yi yaƙin basasa a ɓangaren Kudu, me waƙar coci take nufi a bakin kabari, me ya sa ake kallon wane a wulaƙance. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma kukan Ford na gida ne sosai.

Ko fim ɗin Indiya da ya zo ya mamaye silimunmu bai raba mu da Leone ba. Sholay na 1975 ya ɗebi abubuwa da yawa daga gare shi, musamman wurin da Gabbar Singh ya hallaka iyalin Thakur, wanda ya yi kama ƙwarai da kisan iyalin mai rijiyar nan. A Nijar kuma, tun 1966 Moustapha Alassane ya yi Le Retour d'un aventurier, labarin saurayin da ya dawo daga Amurka da tsarabar kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu. Tun a lokacin Alassane ya hango abin da malafa da bindigar allo suke yi wa tunanin samari. Ban taɓa ganin sunansa a jerin da ake gardama a kai ba, alhali ya fahimci kaboyi fiye da da yawa daga masu jerin.

Kyautar Oscar ba ta raba wannan gardama. Cimarron ya ci kyautar fim mafi kyau a 1931, daga nan sai da aka yi kusan shekara sittin kafin Dances with Wolves na 1990 ya ci, sai Unforgiven na 1992. Wa ke kallon Cimarron yau? The Searchers kuwa ko sunansa ba a sa a takara ba. Unforgiven dai ya cancanci abin da ya samu. Eastwood ya fito a tsohon makashi da ya tuba ya koma kiwon aladu, talauci ya sa ya sake ɗaukar bindiga, kuma fim ɗin ya nuna kisa a yadda yake: ƙazanta, tsoro, mutum na kukan ƙishirwa kafin ransa ya fita. Ya sadaukar da shi ga Leone da Don Siegel, malamansa biyu. Sai dai fim ne da ke tsaye a kan kafaɗar na gabansa, kuma wanda bai san tatsuniyar ba ba zai ji zafin rushe ta ba.

In aka ce in zaɓa, The Searchers zan ɗauka, duk da cewa ba shi na fi jin daɗin kallo ba. In daɗi ake nema, Leone ya riga kowa. Amma akwai wani rami a tsakiyar fina-finansa: 'yan asalin ƙasar kusan babu su. Filin da ake faɗa a kai kamar daga sama ya faɗo babu mai shi. Ford kuwa, wanda ya yi shekaru yana nuna su a matsayin inuwa mai ihu a bayan keken doki, kamar a Stagecoach na 1939, a wannan karon ya juya kyamara ya dubi mai farautarsu.

Labarin ya fara a Texas a 1868. Ethan Edwards, wanda John Wayne ya fito a matsayinsa, ya dawo gidan ɗan'uwansa shekara uku bayan yaƙin da ɓangarensa ya sha kaye. Ba a faɗa da baki ba, amma daga yadda matar ɗan'uwan take shafa rigarsa ka san akwai abin da ke tsakaninsu. 'Yan ƙabilar Komanci suka kawo hari, suka kashe mutanen gidan, suka tafi da 'yan mata biyu. Babbar aka tsinci gawarta. Ƙaramar, Debbie, ita Ethan ya shafe shekara biyar yana nema, tare da Martin, yaron da gidan ya riƙa, wanda Ethan yake gorantawa saboda yana da ɗigon jinin Cheroki. Sannu a hankali mai kallo yake gane abin da Martin ya riga ya gane: Ethan ba ceto ya fita ba. Yarinyar ta girma, ta zama matar Scar, shugaban maharan, kuma a wurin Ethan gara ta mutu da wannan. Martin yana biye da shi ne don ya tsare ta daga kawunta.

Ford bai sassauta wa jaruminsa ba. Ya nuna shi yana harbe idanun gawar Bakomance don, bisa imaninsu, ruhinsa ya yi ta gararamba. Ya nuna shi yana ta harbin ɓauna ba don nama ba, don kawai waɗancan su rasa abinci da hunturu. Ya nuna sansanin da sojojin gwamnati suka afka wa, gawar mace a cikin tanti. Ya bar Scar ya faɗi dalilinsa, cewa fararen fata sun kashe masa 'ya'ya biyu. Wurin da ya fi tsaya mini a rai ma ba na Ethan ba ne. Laurie, budurwar Martin, yarinya mai fara'a sanye da kayan amarci, ita ce ta buɗe baki ta ce ai da uwar Debbie na raye ita ma za ta so a harbe ta. A nan ka gane cutar ba ta mutum ɗaya ba ce, ta gari ce gaba ɗaya, Ethan dai shi ne hannun da ke aiwatarwa.

Fim ɗin yana da nasa aibin, kuma bai kamata masu yabonsa su riƙa tsallakewa ba. Wanda ya fito a Scar, Henry Brandon, haifaffen Jamus ne da aka shafa wa launi. Waɗanda suka fito a Komanci 'yan Nabaho ne, kuma duwatsun Monument Valley da ke iyakar Arizona da Utah ba su da alaƙa da Texas. Akwai wata mace 'yar ƙabila da aka mayar abin dariya, har aka hankaɗa ta ta gangara tudu don mai kallo ya yi nishaɗi, wurin da ke da wuyar kallo a yau. Mai cewa waɗannan sun isa su sauke fim ɗin daga kan gaba yana da hujja. Abin da nake gani shi ne Ford yana cikin laifin da yake tonawa, bai gama fita ba, kuma wannan kokawar da kai ita ta ba aikin nauyin da sauran ba su da shi. Masu sharhin da mujallar Sight and Sound take tambaya duk shekara goma sun sa shi na 7 a duniya a 2012, ya sauko na 15 a 2022, kuma darakta Martin Scorsese bai taɓa ɓoye tasirinsa a kan aikinsa ba.

A ƙarshe Ethan ya cim ma Debbie a bakin kogo, ya ɗaga ta sama kamar yadda ya yi tana ƙarama, ya ce su tafi gida. Ya kai ta har ƙofa. Kowa ya shiga, shi ya tsaya a waje riƙe da gwiwar hannunsa, ya juya ya nufi ƙura, ƙofa ta rufe.

Ɗaya daga cikin labaran gaske da ake danganta fim ɗin da su shi ne na Cynthia Ann Parker, wadda Komanci suka ɗauke a Texas a 1836 tana 'yar kimanin shekara tara, wani kawunta ya yi shekaru yana bin sawun waɗanda aka kama. Ta yi shekara 24 a cikinsu, ta yi aure, ta haifi 'ya'ya uku, har Turanci ya kusa ɓace mata. A 1860 dakarun Texas suka kai hari sansaninsu suka dawo da ita wurin danginta tare da 'yarta ƙarama. Ta yi ta ƙoƙarin gudu ta koma, ana tsare ta. 'Yar ta rasu, ita ma ta bi bayan 'yan shekaru, ba ta sake ganin 'ya'yanta maza ba. Ɗayansu shi ne Quanah Parker, wanda ya jagoranci Komanci na ƙarshe da suka ajiye makami a 1875.